Ɗaurin da Na Yi wa Ishaya

Ranar Juma'ar Ista ce, a ƙarshen mulkin soja. Da safe na shayar da shanun noma, ƙanena Ishaya kuma ya je saro ƙayar bagaruwa. Mu 'yan tsiraru ne, Hausawa Kiristoci, a wata unguwa bayan Bilbis. Duk shekara mukan yi wasan gicciye a filin coci. Ishaya ke fitowa a Yesu, don shi ne marar nauyi. Ni sojan Roma ne, mai ɗauri da zagi.

Shekarar da ta gabata igiya ta zame, ya faɗo, mata suka yi ta dariya har da fasto. Abin ya ci mini rai. Wannan karon na yi masa ɗaurin kayan jaki, ƙulli kan ƙulli. Ya raɗa mini cewa ya yi tsauri. Na ce ya yi shiru, Yesu ba ya ƙorafi.

Da ƙarfe biyu muka tayar da gicciyen. Muka sa masa kambin ƙaya, muka durƙusa muna masa gaisuwar ba'a. Ni na fi kowa iya shege. Har tofi na yi masa, yara na shewa.

Ana cikin haka ƙara ta tashi daga wajen turken shanu. Muka ɗauka samari ne ke dukan gwangwani, domin da shi muke kwaikwayon tsawar mutuwar Yesu. Wasu har suka tafa. Sai harbi na biyu, Baba Audu mai buga ƙararrawa ya kife.

Wata baƙuwar murya ta daka tsawa: "Kowa shi kwanta! Ina shanun?"

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Fili ya watse. Na kai hannu kan ƙullin, ya ƙi motsi. Takobina na kara ne. Na ga mutum huɗu da bindigogi sun ɓullo ta bayan coci. Na saki igiyar, na faɗa cikin kwazazzabo.

Daga nan ina jin komai. Dariya suka fara yi.

"Wanga fa? Sarki na? Ranka shi daɗe!"

Wani ya ce ya sauko ya nuna musu shanu. Ina jin sanda na sauka a jikinsa. Ba'ar da na gama yi masa ita suke yi, sai dai tasu ba wasa ba ce. Wajen la'asar aka yi harbi ɗaya. Suka kora shanu suka yi yamma.

Ban koma ba. Tsoro ya hana ni, kuma har gobe ina jin kunyar faɗin haka. Na bi busasshen rafi na tarar da Inna da matar Ishaya ƙarƙashin wata tsamiya. Wata Bafillatana ta ba mu ruwa. A bakin titi wani direba ya kwashe mu zuwa Tsafe, washegari muka wuce Gusau wurin kawunmu.

Ranar Lahadi labari ya iso. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka yanke igiyar da wuƙa, suka binne Ishaya kusa da Baba Audu. Shanu bakwai sun tafi, rumbu biyu sun ƙone.

Inna ba ta tambayi shanu ba. Abu ɗaya ta tambaye ni, ko ya yi magana kafin ya cika. Na ce ban ji ba.

Sunana ya kira. Sau biyu.