Shekara Bakwai Bayan Yaya Hajara, Nafisa Ta Shiga Jami'a Daga Aji Biyu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Malama Hajara, wadda ta ƙare rayuwarta tana koyar da yaran firamare a Kebbe. Allah Ya jiƙanta da rahama. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai bana, domin bana ne na ga ranar wata magana tata da na daɗe ina ɗauka surutu ne irin na malaman makaranta.

Yaya ta fara aiki da takardar malanta mai daraja ta biyu. Ta daɗe tana koyar da 'yan aji uku, sai aka wayi gari an ce takardar ba ta wadatar ba, sai mai shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE. Abokan aikinta da dama suka yi fushi, wasu suka koma gona. Ita kuwa, da furfurarta, ta shiga karatun lokacin hutu. Da an sallami yara sai ta kawo mini 'ya'yanta Tambuwal, ta hau mota. Damina biyar ta yi tana wannan zirga-zirga kafin ta samu.

Tun daga nan ta zama mai nacin sanin inda kowace takarda ke kai mai ita. A wurinmu, duk abin da yaro ya samo bayan sakandare sunansa ɗaya, "ya gama". Sai a kai a rufe takardar da leda, a nuna wa dangi, a jefa ƙasan akwati. In mace ce, tare da kwanuka ake kai ta ɗakin miji. Babu abin da ya fi wannan ɓata wa Yaya rai. Takan zo ta same ni ina tsince shinkafa, ta zauna bakin tabarma ta hau lissafi. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, a fita a yi aiki na shekara guda, a koma a yi babba. NCE shekara uku. Wanda ya fito da sakamako mai kyau a ɗayansu ba ya komawa farko in zai yi digiri, daga aji biyu ake ɗaukarsa.

Na taɓa ce mata, "Yaya, ni da na tsaya a sakandare, mi za ni yi da wanga lissafi?"

Ta harare ni ta ce, "Ba ɗiya gare ki ba, Rabi? Riƙe dai."

Ɗiyar da take nufi ita ce Nafisa, wadda a lokacin ko sakandare ba ta gama ba. Bara ta kammala NCE, ta ce tana son digiri. Ita da ƙawayenta sun ɗauka sai sun sake zana jarrabawar shiga jami'a tare da ƙannensu, su fara daga aji ɗaya. Haka ta gaya wa babanta. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, ba mai ƙin karatu ba, amma komai da mudu yake auna shi. Ya ce, "Ukku kin yi, a ƙara fuɗu, bakwai ke nan. Likita za ki zama? Nemi aji ki koyar, ya isa."

Nafisa ba ta yi musu ba. Sai dai na lura ta daina taɓa littattafanta, tuwo ma sai na matsa mata. Kwana uku abin yana cina, ina jin akwai wani abu da na sani amma ya ɓace mini. Ina idar da sallar walha ya faɗo mini. Da maigidana ya dawo daga kasuwa na ce masa ai shekara uku ce, ba huɗu ba.

Ya yi dariya. "Ke kuma yaushe anka ba ki shugabancin jami'a?"

Na ce, "Ni ban sani ba, Alhaji. Yaya Hajara ce ta sani."

Sai ya bar dariyar, don yana jin nauyinta tun tana raye. Washegari ya hau babur zuwa Dogon Daji wurin wani abokinsa, tsohon hedimasta. Ya dawo da bayani: akwai fom daban na shiga kai tsaye, amma sai yarinya tana da kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da lissafi, kuma sakamakon NCE ɗinta ya kai. Na Nafisa duk sun kai. Saura kaɗan lokacin cike fom ɗin ya wuce mu.

Nakan tambayi kaina, da Yaya za ta leƙo yau, me za ta ce? Na san za ta yi murna ta ga 'yan matan Jabo da Sanyinna suna cike fom a waya, abin da ita sai ta yi tafiyar yini. Na kuma san sai ta yi faɗa, don bayanin yana tafin hannunsu amma sun fi yarda da "an ce". Za ta yi tsaki ta ji har yanzu mai babbar difloma da mai digiri suna jayayyar wa ke gaba a wurin aiki.

Ita kanta ba ta yi digirin ba, ciwo ya riga ta. Ajinta wata ke koyarwa yanzu, gidanta na Kebbe an raba gado. In na auna abin da ya saura nata, sai in ga ba a takardunta yake ba. Yana bakin waɗanda ta koya wa tambayar, "Daga nan sai ina?" Ina fatan Allah Ya rubuta mata wannan cikin sadaka mai gudana.

Ranar da Nafisa za ta tafi jami'a, babanta da kansa ya ɗaukar mata jaka zuwa tasha. Mota na shirin tashi ya leƙa ta taga ya ce, "In kin yi salla, ki sa innarki Hajara cikin addu'a. Ba don ita ba, da na zaunar da ke, kuma ina ganin daidai na yi."