Ragunan da Yaya Sabo ya zuba wa kananzir

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar wana, Malam Sabo, wanda a garinmu ba a san shi da wani suna ba sai Duba-gari. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne ɗan fari. Duk shekara in sanyi ya shigo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Ba rashin abin faɗa ba ne. Mutane da yawa a garinmu har yau suna tuna shi a matsayin wanda ya zalunci ƙaninsa, kuma ni ne ƙanin.

Yaran yanzu ba su san duba-gari ba. Ma'aikacin tsafta ne na ƙaramar hukuma, mai kaki da malafa, yana shiga gida-gida yana leƙa randa da masai, da sassafe kuma ya tsaya a kwata ya duba naman da aka yanka kafin ya fita kasuwa. Mata in sun ji ƙararrawar kekensa sai ka ji tsintsiya ta tashi a gida uku lokaci guda. Ni kuwa malamin firamare ne a lokacin, ina ɗan turke raguna a bayan gidana, in sun yi ƙiba in kai su kasuwar Maigatari ran Alhamis.

A shekarar da ya rasu, tsakiyar sanyi, lokacin da ba mai tunanin ruwa, hadari ya haɗu wata Talata bayan azahar. Mutane na nuna shi suna dariya. Kafin la'asar iska ta taso, sai ƙanƙara, sai ruwa mai sanyin da ke ratsa ƙashi, bai ɗauke ba sai washegari da hantsi. Ba wanda ya shirya masa. Hatsin wasu na nan a masussuka, ba a yi yaɓe ba, tumaki da awaki a fili suke kwana. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar labarin ɗaya ne: rufin kwano ya tashi, dalbejiya ta kwanta a kan titi, turakun wutar lantarki sun zube, dabbobi sun mutu birjik.

Tifa ɗaya ce ƙaramar hukumarmu ke da ita, ita ma sai an tura take tashi. Duk da haka kafin la'asar ran Laraba masu gatari sun buɗe hanyar Gumel, masu gyaran wuta sun bi unguwa-unguwa suna naɗe wayoyin da suka faɗi. Famfo ya tsaya tunda ba wuta, kowa ya koma rijiya, nan kuma aikin Yaya ya yi nauyi. Ruwa ya kwaso mushe ya tara a kududdufai da kwalbatoci, wasu dab da bakin rijiya. Ya sa leburorinsa suka haƙa rami a bayan gari, shi kuma ya bi lungu-lungu da galan ɗin kananzir. Duk mushen da ya tarar sai ya zuba masa kafin tifa ta iso, don ya san halinmu: in ya juya baya wani zai ja ya feɗe, gobe a gan shi a teburin mai tsire.

Ni katangar bayan gidana ce ta jiƙe ta rufta kan turken. Raguna biyar nake da su, wata huɗu ina ɗawainiya da su. Da na fito da safe biyu na tsaye suna rawar ɗari, uku na ƙarƙashin ƙasa. Na tono su, na ɗauko wuƙa na yanka, na kira wani mahauci abokina. Muna jan su zuwa ƙofar gida sai ga Yaya da galan, kakinsa jiƙe sharkaf, mai unguwa na biye da shi, maƙwabta sun taru.

Ya tsugunna ya ɗaga wuyan kowanne ya duba. Ya shiga wajen turken ya daɗe yana kallon inda na yanka su. Kowa ya san in dabba na da rai jini kan yi tsartuwa ya ɓata ƙasa, wurin kuwa ɗan ɗigo ne baƙi-baƙi. Ya fito ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ilu, sun motsa?"

Da ma a hankali na ba shi amsa. A'a, ɗaga murya na yi don jama'a su ji, na ce wallahi tallahi sun shure ƙafa, da ransu na yanka su, in ya ga dama a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Sai ya juya wajen mutane ya ce shi bai ƙaryata malam ba, amma doka ce, duk dabbar da ba a kwata aka yanka ta ba a irin wannan rana rami za ta. Ya buɗe galan ya zazzaga musu kananzir.

Garin ya ɗauka. Aka ce mutum ya rantse da Allah, ɗan'uwansa na jini ya ƙi saurare don a ce yana aiki. Aka ce ai an san wasu sun yanka a gida bai bi ta kansu ba, kuma gaskiya ne, don nasu da rai suka yanka. Innarmu, wadda ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, ta aika a gaya wa mai kakin nan kada ya ƙara tako mata ɗaki. Ni kuma ina zaune a zaure ana ta zuwa yi mini jaje, ina cewa na bar wa Allah.

Kwana uku ya yi a cikin laka da sanyi har aka binne mushe na ƙarshe, aka zuba wa rijiyoyi magani. Ba a yi amai da gudawa a garinmu ba a wannan shekara, ba kuma wanda ya ce masa sannu. A mako na biyu ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Gumel. Sau ɗaya na je. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce ya jiki, ya ɗago hannu yana so in matso, na ce mota na jirana. Bai cika wata guda ba ya rasu. A wajen zaman makoki da kunnena na ji wani dattijo na cewa alhakin ƙaninsa ne ya kama shi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da jan carbi.

A farkon daminar da ta wuce an sake yin iska irin ta ɓarna a yankinmu. Na ga matasa sun kewaye bishiyar da ta tare hanya, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoto, ana jiran a turo wani. Mataccen jaki ya kwana huɗu a kwalbati kusa da rijiyar unguwarmu, masu wucewa suna toshe hanci suna tambayar aikin wane ne. Daga baya aka kafa kwamiti, aka raba kwanon rufi da tabarmi. Ma'aikatan tsaftar yanzu sun fi Yaya karatu nesa ba kusa ba, wani cikinsu ma ni na koyar da shi, amma ya ce mini ko shebur ba su da shi. Na tambayi kaina me Yaya zai ce da yana nan. Ina jin ba zai ce komai ba, igiya zai aro ya ja jakin. Na so in yi faɗa irin na tsofaffi, in ce a zamaninmu ba haka ake yi ba, sai bakina ya yi nauyi. A zamaninmu an sami wanda ya yi aikin, na kuma san sakayyar da na yi masa.

Inna ta rasu shekara uku bayansa, tana yi masa addu'a, amma kullum sai ta haɗa da cewa Allah ya yafe masa abin da ya yi wa Ilu. Wannan kam ba ni da yadda zan gyara shi, kuma shi ne ke hana ni sakewa.

Makon jiya na je wurin matarsa, Hajara, wadda ke zaune da 'ya'yanta. Shekara goma sha huɗu ina zuwa gaishe ta da Sallah, tana kawo mini ruwa da tuwo. Na zauna a bakin tabarma na fara kame-kame. Ta bar ni har na kai ƙarshe, sannan ta ce tun ranar ta sani. Da ya dawo gida yana rawar sanyi ya gaya mata, ya kuma roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, wai ni malami ne, in aka san na rantse a kan ƙarya ba yaron da zai ƙara yarda da abin da na koya masa. Na ce ta yafe mini. Ba ta ɗaga kai daga waken da take tsincewa ba.

"Malam Ilu, ba a ɗakina ka rantse ba. A gaban mutane ka yi."

To, jama'ar garinmu, da duk wanda ya taɓa jin labarin Duba-gari da ƙaninsa, ga shi a gaban mutane. Ragunan nan uku sun sandare tun kafin wuƙa ta taɓa su. Mushe na so in sayar muku ku ci. Wana ya hana ni, ya rufa mini asiri da nasa mutuncin, ya tafi kabari da sunan azzalumi. Allah ya jiƙan Malam Sabo. In za a nemi wanda za a roƙa wa gafara a wannan magana, ni ne.