Ƙafar Raƙumin Madam Rabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina wanke-wanke Yaya Aisa ta miƙo mini wayarta. Madam Rabi ta rasu jiya a garinsu, Tawa.

Ban taɓa rubutu a shafin nan ba, wayar ma ta Yaya ce. Amma na kasa yin shiru.

Madam Rabi ce ta koyar da mu a aji shida nan Gure. Ni ce mai zama can baya, wadda ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai.

Wata Laraba ta ce in ɗaukar mata littattafai zuwa gida. A kan teburinta na ga ƙananan katakai barkatai, kowanne da irin yankansa, wani kamar kaza, wani kamar takalmi. Ƙaninta ne ya aiko mata daga Yamai. In an haɗa su hoto ne yake fitowa: raƙumi da tabarau yana tuƙa keke, akuya a bayansa riƙe da lema, kifaye suna tashi sama.

"Mako uku ina fama da saman nan, duk shuɗi ne," in ji ta. "Gwada, ɗiyata."

Ni ban kalli launi ba. Bakin katakon na riƙa bi da yatsa, yadda Kaka take yi in za ta ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Na haɗa biyar. Madam ta tafa hannu ta ce, "Ashe shirun nan naki aiki yake yi!"

Daga nan kowace Laraba ina can. Ta ajiye mini dabino a gefe, ba ta matsa mini da magana.

Sai na yi ɓarna.

A gidanmu yarinya ba ta fita daga ɗakin babba ba ta share ba. Ran nan na share ɗakin Madam, na zuba sharar a murhu. Da muka kai ƙarshen hoton, guda ɗaya babu, ƙafar raƙumin. Madam ta ɗaga tabarma, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ni na gane murhu ƙafar ta tafi cikin shara, amma na ɓoye mata.

Aka yi hutu, na daina zuwa. In na hango ta a kasuwa sai in canza hanya.

Da na ji an mayar da ita Tawa, na faɗa wa Kaka komai. Ta ba ni sakaina da ƴar wuƙarta, ta ce, "Tashi, mota ba ta jiran mai kunya."

Na tarar Madam ta ɗaure kayanta duka, sai teburin. Hoton yana nan da raminsa.

"Madam, ni na ƙona ƙafar."

Ta yi dariya har ta zauna a kan katifa. "Falmata, tun ranar na ga guntunta a toka. So nake in ji daga bakinki. Kin ga kin faɗa, kuma ba ki mutu ba."

Muka zauna muka sassaƙa sakainar. Sau uku tana karyewa, ta huɗu ta shiga. Ta kwashe katakan duka cikin kwalinsu ta ɗora mini a ka. "Raƙumin da ya samu ƙafar Gure ba zai yarda ya bi ni Tawa ba."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Yanzu ina kwaleji, ina ɗaga hannu a aji, ko da muryata tana rawa. Na gode wa Allah da na faɗa mata kafin motar ta tashi.

Ya Allah, yadda ta yafe mini tun ban roƙa ba, Ka yafe mata. Ka haskaka kabarinta, Ka ba iyalanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya sa Madam Rabi a addu'a.