Rufin Tsohon Bariki

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu barci a ƙauyenmu na gefen Tafoki, na kwaso Baba da Inna na kawo su Faskari, inda nake koyarwa a firamare. Ɗakin da na samar masu a tsohon bariki yake, wanda aka ce Turawa suka gina wa sojojinsu tun ba a haifi kakana ba. Dogon layi ne na jan bulo, ƙofa na bin ƙofa, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, rufin kwano ɗaya ya lulluɓe kowa. In Inna ta yi tari, ta bango ake yi mata sannu.

Baba bai taɓa kwana a ɗakin da ba shi ya gina ba. Bai yi ƙorafi ba dai, har damina ta sauka, ruwa ya fara bin bangon da ya raba su da wata Hajiya, matar wani ɗan sanda da ya rasu. Katifar Inna ta jiƙe, buhun dawar da suka tsira da shi ya fara tsiro.

Baba ya ari tsani ya hau, ya duba, ya sauko ya yi sallama a ƙofar Hajiya.

"Hajiya, ɓular ta wajenki take, amma mu ruwan ke zubo wa. Ki yi mani izini in sauya kwanon."

"Ni wa ya yi mani izini, Malam? Tun ina amarya nake nan, maigidana ko ƙusa bai taɓa bugawa ba. Ginin hukuma ne."

Na yi ta zarya ofishin hukuma bayan an tashi daga makaranta, kullum a ce in dawo. Daga ƙarshe wani jami'i ya biyo ni, ya ɗauki hoton bangon da wayarsa.

"Baba, wannan ginin tarihi ne," in ji shi. "Ba a taɓa shi sai masu gyara sun zo."

"Yaushe za su zo, ɗana?"

"Ana kan magana."

Ran kasuwa Baba ya sayo tamfol, ya shimfiɗa a kan rufin, ya danne da duwatsu. Ɗaki ya bushe. Har Hajiya ta aiko da ɗumamen tuwo don godiya. Ba a jima ba jami'in ya dawo, yana ta ba da haƙuri, wai manyan baƙi za su zo ganin ginin, tamfol ɗin zai ɓata masu hoto, a cire shi.

Na ce ni zan hau, Baba ya ce shi ya shimfiɗa, shi zai cire. Ina riƙe da tsanin ina ganin yana hutawa a kowane mataki. Ranar na fara lura ya tsufa.

Baƙin sun zo, sun shafa bulo, sun yaba tagogi. Suka roƙi Inna ta ɗan kawar da tukwanenta daga baranda. Suka shiga mota suka tafi. Na ce wa Baba to mu mayar da tamfol ɗin, ya ce, "Bar shi. Na gaji da hawa."

Bai ƙara maganar rufi ba. Inna ta ja gado tsakiyar ɗaki, ta jera robobi a gindin bango, haka muka ƙarasa daminar.

Da kaka ta yi, Baba ya ce zai koma gida ya ga abin da ya saura a gona. Na roƙe shi, Hajiya ma ta sa baki, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ɗaure kayansa. Inna ta ce ita ba ta iya wani gudun, ta zauna.

Yanzu can yake shi kaɗai, sai Juma'a yake shigowa a bayan babur, ya yi salla, ya gaida mu, ya juya kafin la'asar. Ranar da ya makara, ni da Inna ba mai iya cin abinci sai mun ji sallamarsa.