Dankalin Kaka a Ɗakin Haya

Gidan hayar Babanmu da ke Tudun Wada ba wani babban gida ba ne. Ɗakuna ne a jere ƙarƙashin kwano ɗaya, da rijiya a tsakar gida, da banɗaki a can lungu. Amma in ka ji Baba yana zancensa sai ka rantse rabin garin ya mallaka. Ko tuwo muke ci sai ya karanto mana dokokinsa: kafin damina ake hawa kwano, ba bayan ruwa ya sauko ba. A yashe kwata tun ba ta toshe ba. Kowane ɗaki mai gida ya riƙe makulli ɗaya a hannunsa. Ɗakin kwana kuma ba sito ba ne. Har ƙanwata da ba ta iya wanke hannunta ba ta haddace su.

Duk dokokin nan rana ɗaya Kaka ya tattake su, bai ma san ya yi ba.

Kaka mahaifin Ummanmu ne, manomi a wajen Doguwa. Bayan ya haƙe dankalin turawan da ya noma da rani, sai ga shi da a-kori-kura shaƙe da buhuna. Ya ce kasuwa ta faɗi, yana son ɗan wurin ajiya kafin ta farfaɗo. Ina tsaye na ga Baba, mutumin da yake sa 'yan haya rawar jiki, ya cire takalmi ya durƙusa yana kallon ƙasa. "To, Alhaji. To, Alhaji." Akwai ɗaki ɗaya da babu kowa. Baba ya miƙa masa makullan gaba ɗaya, har da wanda ya kamata ya riƙe, wai kada suruki ya ɗauka ba a yarda da shi ba.

Da kafinta ya zo duba kwano kafin ruwa, ya shiga kowane ɗaki ya leƙa silin, ban da na Kaka. Wa zai je ya ce wa suruki ya kawo makulli? Aka tsallake. Ashe nan ne ƙusa ta ɗaga. Aka yi zafin bazara mai dafa ƙwai, sannan ruwan farko ya sauko, ya bi ta kwanon ya zauna a kan buhuna.

Warin a hankali ya fara, kamar ɓera ya mutu a bayan akwati. Daga nan ya girma, ya yi aure, ya hayayyafa. Ƙudajen mahauta suka bar kasuwa suka tare a gidan hayar da iyalansu. Akuyar maƙwabta, wadda har leda take ci, in ta zo ƙofar gidan sai ta yi atishawa ta juya. Wani baƙin ruwa mai yauƙi ya fara silalowa ta ƙarƙashin ƙofar, yana bin tsakar gida a nutse kamar shi ma ɗan haya ne. Ni da aka aika in kai tsintsiya, sai da na wanke hijabina har ya koɗe.

Ɗakin da ke manne da na Kaka na wata ma'aikaciyar asibiti ce, muna ce mata Malama. Ita ce 'yar hayar da Baba yake alfahari da ita. Ita take tsara sharar tsakar gida, ita take hana zuba ruwan wanke-wanke a bakin rijiya, kuma sauran 'yan haya ita suke kallo. Ta zo gidanmu da kanta, ta gaishe da Baba, ta ce, "Mai gida, ni a asibiti nake aiki. Babu irin abin da hancina bai shaƙa ba. Amma wannan ya fi ƙarfina, ko abinci na kasa ci. In Juma'a ta wuce ba a buɗe ɗakin nan ba, zan kwashe kayana."

Baba ya san in Malama ta tashi, sauran za su bi ta, gidan kuma ya yi suna a gari da wari. Ya shiga wajen Umma.

"Ki yi wa Alhaji magana mana."

"Ni?" in ji Umma. "'Yar fari? Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Sai yau zan tsaya gabansa in ce kayansa sun ruɓe?"

"To ni zan faɗa?"

Na ce, "Baba, a fasa kwaɗon kawai."

Ya kalle ni kamar na ce a ƙona masallaci. "Kwaɗon surukina?"

Washegari ya yi ta maza ya hau mashin ya tafi Doguwa. Muka ce yau magana ta ƙare. Da la'asar ya dawo. Ya gaishe da Kaka, ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi lafiyar gona, ya tambayi lafiyar ƙafar da take damunsa, ya yi sallama. Ga tsaraba kuma a bayan mashin: ƙullin dankali.

Umma ta yi dariya har da hawaye, sannan ta juyo ta nuna ni da ludayi. "Ga amaryarsa nan. Ita ba abin da ba ta faɗa masa."

Gaskiya ne. Tsakanin jika da kaka babu kunya. Tun ina rarrafe yake ce min amarya, ni kuma ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Amma na san halinsa, in da baki ne zai ce sharri nake yi masa. Don haka kafin yayana ya ɗauke ni a mashin, na biya gidan hayar, na toshe hanci, na tsoma tsumma a baƙin ruwan nan, na ƙulle shi a leda, na sake ƙullewa a wata ledar. Duk da haka yayana bai daina tofar da yawu ba har muka wuce Falgore.

Muka tarar da Kaka a gindin mangwaro yana gyaran igiya.

"A'a, amarya! Yau kin tuna da angonki? Me kika kawo min?"

"Turare, tsoho. Na 'yan gayu."

Ya karɓa yana washe baki, ya kwance, ya kai hanci. Wallahi hularsa sai da ta faɗi. Ya yi jifa da ledar, kaji suka nufo ta a guje, suka ci birki, suka watse.

"A'uzubillahi! Ke 'yar nema, mushen me kika kwaso min?"

"Dukiyarka ce. Dankalinka ne yake gaishe ka."

"Ƙarya kike! Dankalina lafiyarsa ƙalau, jira nake ya yi daraja."

"Ya yi daraja, har ya zama kunu. Ƙudajen Tudun Wada duk suna sa maka albarka. Malamar asibiti kuma za ta bar gidan saboda kai."

Sai ya daina dariya. "To me ya hana ubanki faɗa min? Jiya ya zo nan ya durƙusa yana tambayata shanu!"

"Kunyarka yake ji."

"Ni kuma ai na ɗauka yana leƙa min kayan!"

"Da wane makullin? Duk suna aljihunka."

Ya laluba aljihu, ya ji su. Ya ce in ɗauko masa takalmansa.

Da safe aka buɗe ɗakin. Ba na fatan maƙiyina ya ga abin da na gani. Buhunan sun zube sun narke a kan juna, silin ya rufto a kansu, tsutsotsi fari fat suna iyo kamar an zuba shinkafa a miyar kuka. Wani tururi ya fito ya mare mu. Leburan da aka ɗauko da baro ya leƙa, ya ce shi yana da iyali, ya tafi. Baba da Kaka suka tsaya a bakin ƙofa, kowa ya toshe hanci da hannun riga, kowa yana kallon wani gefen.

"A yi haƙuri, Alhaji."

"A'a, ni zan ba da haƙuri."

"A'a, Alhaji, laifina ne."

Na ce, "In kun gama, ga shebur."

Mu muka kwashe, ni da yayana da wasu samari da aka lallaɓo. Muka zuba toka, muka wanke da garin sabulu, muka yayyafa kalanzir, aka shafe bango da farar ƙasa. Warin ya ce yana nan. Ya riga ya shige cikin daɓen. Sai da aka farfasa simintin aka sake sabo, kafinta kuma ya hau ya canja kwanon.

Ranar Juma'a Malama ta dawo daga aiki, kayanta a ɗaure tun jiya. Ta shiga ɗakin, ta tsaya a tsakiya, ta ja numfashi. Ta matsa lungu ta sake ja. Baba yana waje yana murza carbi kamar mai jiran sakamakon gwajin jini.

"Da saura kaɗan," in ji ta. "Amma mutum zai iya cin abinci."

"Alhamdu lillahi. To za ki zauna?"

"Da sharaɗi, mai gida. Kada ka ƙara ba da ɗaki a gidan nan ga wanda ba za ka iya kallon idonsa ka yi masa magana ba."

Baba ya waiga ya tabbatar Kaka ya yi nisa, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Na yarda."

Malama ta miƙo min wuƙa ta ce in zo in taya ta yanke igiyar katifa.