Hular Alhaji Sabo a Gindin Dutsen Fuji

Kano

Tun kafin kiran asalatu direba ya ɗauke mu daga Nassarawa GRA zuwa filin jirgi, ni da mijin yayata, Alhaji Sabo. Shi wakilcin wani kamfanin injin ban-ruwa na Japan yake nema ido rufe, ni kuma tafinta ne. Kafin mu taso ya gama cika baki a majalisar ƙofar masallaci cewa ba ya rusuna wa kowa sai Allah, balle a gaban masu bautar dutse. Mutumin da ko gaisuwar maigadinsa ba ya amsawa, wa zai musa masa?

Tokyo

Muka canza jirgi a Addis Ababa, muka kwana a sama. Ɗakin otal kamar akurki, abinci kuwa ɗanyen kifi, Alhaji sai yatsina yake yana cin dabino. Mai kamfanin, wani dattijo marar hayaniya, ya ce kafin a sa hannu zai kai mu wurin ibadar kakanninsa.

Gindin dutse

Da hantsi muka hau jirgin ƙasa, sannan mota. Tsohon wurin bautar Shinto ne, addininsu na gargajiya, da doguwar jar ƙofa ta katako da tafki mai ruwa garai-garai, ga dutsen Fuji a baya, kansa fari fat da ƙanƙara. Al'adarsu mutum ya rusuna, ya tafa hannu. Na raɗa wa Alhaji mu koma gefe.

"Malam Nura, larura ce," in ji shi. "Wa ya san mu a nan?"

Ya gyara babbar riga ya duƙa, har ya fi masu addinin duƙawa. Hularsa ta sulluɓe, tsundum cikin tafki. Ni na tsamo ta, kunya kamar in nutse.

Dattijon ya dube shi, ya ce in fassara: "Ba ma neman wannan daga baƙo. Na san ku Musulmi ne, har na sa an shimfiɗa muku tabarma a gidana don azahar." Maganar wakilci kuwa, ya ce zai yi tunani. Har yau tunanin yake.

Gida

Mun sauka Kano lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Yanzu Alhaji na ba majalisa labarin yadda ya ƙi rusunawa aka hana shi wakilci, ana ta yi masa kabbara. Ni dai ban ce uffan ba, saboda yayata. Amma hular tana wurina, har yanzu da gansakuka a jikinta.