Bindigar Kawu da na ƙi harbawa a suri

Tayar baya na faɗawa ramin nan na gangaren gada, hanyar Kagoma zuwa Kafanchan, sai na ji ƙara a gefen ƙafata. Na ma ɗauka taya ce ta fashe. Sai da hayaƙi ya turnuƙe mu, warin albarushi ya cika mini hanci, mutumin da na goyo ya saki kafaɗata ya zame ƙasa, sannan na gane. Bindigar da na naɗe a tabarma na ɗaure a jikin mashin ce ta tashi. Ba tawa ba ce. Ta kawuna ce, kuma sato ta na yi.

A waya nake rubuta wannan, ku yi haƙuri da yadda zai fito. Sunana ba zai amfane ku da komai ba.

Ni ɗan acaba ne a Kafanchan. Kafin wannan ranar ba wanda zai nuna ni ya ce ga ɓarawo. Kawu Yohanna, yayan mamata, shi ya riƙe ni a ƙauye bayan babana ya rasu. Manomi ne, maharbi ne, dattijon ikilisiya ne kuma. Yana da bindigar toka irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da takardar lasisi mai sunansa, a cikin leda, kullum a aljihun gaba. Irin wannan bindigar in ka ɗura ta, ba ta da wata hanyar saukewa mai sauƙi sai ka harba. Don haka Kawu yana da doka. Akwai wani suri babba a bakin gonarsa. Duk ranar da ya ɗura bai samu nama ba, kafin ya hau mashina sai ya je ya harba cikin surin nan. Bayan haka ya zura sandar ɗuri a bakin bindigar ya nuna mini. Ya yi wa sandar tsaga da wuƙa. In tsagar ta nutse, ba komai ciki. In ta tsaya a waje, a ɗure take. Mutanen ƙauye har tsokanarsa suke yi, wai gara ta fi kowa cin albarushin Yohanna. Shi dai dariya yake yi ya ce gara ba ta kai ƙara ofishin 'yan sanda.

Abin nawa a hankali ya fara. In na kai maharba daji, na ga tarkon wani ya kama gyazbi, sai in cire in kawo wa masu farfesu a gari. Ba wanda ya kama ni. Daga nan na fara ɗibar albarushin Kawu ina ba abokai. Sai na haɗu da wani a tasha, Ciyaman muke ce masa, ba ciyaman ɗin komai ba ne. Shi yake samo wa masu gadin gonakin citta bindiga haya. Ya ce in na kawo ta Kawu na kwana biyu ba zan yi nadama ba. Na ce lasisin ai sunan Kawu ne. Ya ce, "Kai wa zai tsaya karanta takarda a gona?" Sau biyu na ɗauka lokacin da Kawu ya yi tafiya, na mayar bai sani ba. Na uku ne wannan.

Ranar Lahadi ce, lokacin masara ta fara nuna. Birai sun dami Kawu, shi ya sa ya ɗura bindigar da sassafe ya je gona. Bai gan su ba, kararrawar coci ta buga, ya rataye ta a bukkar gona ya tafi sujada da ƙafa. Na san zai yi haka. Na shiga bukkar, na zura sandar. Tsagar ta tsaya a waje, kusan yatsa uku. Ga suri nan, taku goma bai kai ba. Na tsaya ina kallonsa. Daga inda nake ina jin gangar zumuntar matan coci, cocin ba nisa. Kawu kuma ya san muryar bindigarsa kamar yadda na san ƙarar mashina a cikin mashin ɗari. In na harba, kafin hayaƙi ya baje ya fito. Sai na ce a raina ai tafiyar ba ta da tsawo, zan bi a hankali. Na naɗe ta a tabarma, na ɗaure da roba a gefen dama, bakinta na kallon baya.

Da na wuce kawai da ita, watakila da yanzu ban rubuta komai ba. Amma a bakin titi Malam Isiyaku ya ɗaga mini hannu. Mai sayen citta ne, gidansu tun kakansa a Kafanchan suke kasuwa, shi da Kawu sun fi shekara ashirin suna ciniki. Ya ce motarsu ta lalace, in taimaka in kai shi gari. Ya ga tabarmar ya ce, "Direba, yau kai ma sallah za ka yi ne?" Na yi dariya. Ya hau, ya ɗora ƙafarsa ta dama daidai bakin bindigar. Na gani da idona. Ban ce komai ba, don in na ce ya gyara ƙafa zai tambaye ni me ke ciki.

Ƙwayoyin ƙarfen sun shiga masa daga ƙwauri zuwa idon sawu. Wata mota ta tsaya aka ɗauke shi zuwa asibiti, mutane suka riƙe ni har 'yan sanda suka zo. A garinmu kun san yadda magana take juyawa in aka ce an harbi wane, wane ne ya harba, balle ɗaya Musulmi ɗaya Kirista. Kafin azahar har wasu sun fara rufe shago. Daga baya na ji Malam Isiyaku ne, yana kwance ana cire masa ƙarfe, ya sa aka kira ƙannensa ya ce su fita su gaya wa kowa tsautsayi ne, kada wanda ya taɓa kowa saboda shi.

Ga abin da ya fi harbin muni. Da ɗan sanda ya tambaye ni bindigar wa, na ce ta Kawu. Ya ce ya aka yi ta zo hannuna. Na ce shi ya aike ni in kai ta gyara wurin maƙeri, bai gaya mini a ɗure take ba. Bakina ya faɗa kafin in yi tunani, da na yi tunanin kuma ban janye ba. A harabar coci suka kama shi, gaban matarsa, gaban fasto, da Littafi Mai Tsarki a hannunsa.

Sel ɗaya aka sa mu. Kwana takwas. Mutum mai shekara sittin da wani abu, mai ciwon gwiwa, yana zaune a siminti. Aka karanta masa abin da na faɗa, ya ce ya ji. In Mama Laraba matarsa ta kawo tuwo da rana, sai ya raba biyu ya turo mini nawa. Bai zage ni ba. Na so ya zage ni, da na samu abin riƙewa. A rana ta takwas muna cin abinci, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ɗan ƙanwata, ka sa sanda a ciki?"

Na ce na sa, Kawu.

"Tsagar ta shiga?"

Na ce ba ta shiga ba.

Ya ce to. Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuma na ajiye nawa. Duk ƙaryar da na yi wa 'yan sanda na yi wa kaina ma, ina cewa tsautsayi ne, wa ya sani. Amma na sani. Shi ya koya mini yadda ake sani. Da yamma na buga ƙofa na ce ina so in sake ba da bayani. Na faɗi satar, na faɗi sau biyun farko, na faɗi Ciyaman. Shi tuni ya bar gari.

Aka saki Kawu, amma bindiga da lasisi ba su dawo ba, tun da ya bar ta a ɗure a bukka ba kulle. Ni kotu ta ba ni shekara uku. Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, na gaji da shi. Abu ɗaya dai, can na haɗu da samari da yawa da abin da ya kawo su ke nan: kaya a naɗe a bayan mashin, wai ba su san me ke ciki ba. Wasu da gaske ba su sani ba, kotu kuma ba ta sake su don haka ba.

Da na fito, Malam Isiyaku na fara nema. Yana nan a rumfarsa, da sanda yake tafiya, ƙafar ta ɗan karkace, ba ya iya zuwa ƙauye sayen citta kamar da. Na durƙusa. Ya ce in tashi mutane na kallo, ya yafe tun yana asibiti. Sai ya ce, "Amma direba, da ka ce mini gyara ƙafarka, ai da na gyara." Har yau wannan maganar ba ta bar ni ba.

Kawu na same shi a gona. Ya ɗaɗɗaure gwangwanaye a igiya, yana ja yana korar birai. Surin ya ƙara tsawo, duk ramukan harbinsa gara ta toshe su. Ya tambaye ni ko na ci abinci. Ya ajiye muƙamin dattijon ikilisiya da kansa tun lokacin, ya ce mutumin da aka kama a harabar coci bai kamata ya tsaya yana yi wa yaran wasu faɗa ba. Na roƙi Ubangiji gafara, na gaskata ya ji ni. Amma wannan kujerar ban iya mayar masa ba.

Na koma acaba, mashin ɗin wani nake ja. 'Yan'uwana masu mashin, maharba za su ci gaba da tare ku, sana'a ce, ba laifi ba ce. Ni yanzu in mutum ya zo da bindiga, sai na ga takarda da sunansa, shi da kansa, ba na wansa ba. Sai ya nuna mini ba komai cikinta a gabana, albarushi ko harsashi yana jaka daban. A kube za ta tafi, bakinta sama, ba na ƙara fasinja, in mun iso shinge kuma ni zan fara gaya wa jami'i kafin ya tambaya. Wasu suna fushi su tare wani. Su tafi. Kayan da aka naɗe aka ce kada in buɗe kuwa, ko uban gidana ne ba na ɗauka.

Kai da kake karantawa, wannan abin da aka ɗaura maka a gefen mashin jiya, ka ce ba ruwanka, ƙafar wa ke daidai bakinsa?